Yadda Ake Raba Kwamfuta da Tsohon Antibairos Baki Ɗaya

Da zarar lokacin rubuta furojet ya kama ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, kukan da masu gyara suka fi ji ɗaya ne: kwamfuta ta yi nauyi, fankarta na ta gurnani, ga saƙo yana faɗowa kullum wai wa'adin antibairos ya ƙare, a zo a biya. In aka buɗe irin wannan kwamfuta, da wuya a tarar da manhajar kariya guda. Ga McAfee na gwaji da ya taho da ita, ga Avast da mai shago ya ɗora, ga Smadav da aboki ya zuba daga filash. Shi Smadav an ƙera shi ne ya zauna tare da wani, amma manya biyu ba sa jituwa, domin kowanne yana son ya riga duba duk fayil ɗin da ka taɓa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya goge hoton manhajar daga fuskar allo, ko ya shiga Program Files ya share jakarta, ya ce ya huta. Antibairos ba kamar sauran manhajoji ba ne. Yana dasa sassansa can cikin Windows, suna tashi tun kafin ka ga allo, kuma da gangan aka yi shi ya ƙi gogewa don kada bairos ya kashe shi. Wanda ya share jaka kawai, tamkar manomin fadama ne da ya yanke ciyawa ya bar saiwa. Wannan ragowa kan hana sabon antibairos shiga, ta toshe intanet, wani lokaci ma ta sa Windows ta zaci har yanzu akwai mai gadi, sai Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, ya ƙi tashi, ka zauna babu kariya ba ka sani ba.

Kafin ka taɓa komai, kwafi muhimman takardunka zuwa wani wuri, ka kuma tabbata batir ya cika. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya barin kwamfuta ta kasa tashi, kuma duk mun san halin wutarmu.

Sai ka shiga Settings, ka zaɓi Apps, ka nemo sunan manhajar, ka danna Uninstall. Za ta yi ta roƙonka ka bar ta, har da tayin ragin farashi, ka wuce. In ta gama, kashe kwamfutar ka sake kunnawa, kada ka tsallake wannan. Duba jerin kuma, domin WebAdvisor na McAfee da Avast Secure Browser daban ake cire su.

Yanzu ne ainihin aikin. Kusan kowane kamfani yana da 'yar manhajar share ragowa, kyauta: MCPR ta McAfee, Avast Clear, AVG Clear, kavremover ta Kaspersky, Norton Remove and Reinstall. Ka sauke ta daga shafin kamfanin kansa kaɗai. Na nanata wannan domin ɓata-gari kan ɓoye bairos a cikin jabun irin waɗannan manhajoji. In abin ya ƙi fita, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi ta Troubleshoot har ka shiga Safe Mode, inda antibairos ba ya da ƙarfin kare kansa, ka kunna manhajar share ragowar a can. Wanda kwamfutarsa ke da BitLocker ya fara nemo lambarsa ta buɗewa, don ana iya tambayar sa. Manhajojin da ke alƙawarin wanke Registry kuwa, ban ba ka shawarar kusantar su ba. Ɓarnarsu ta fi amfaninsu.

Akwai kwamfutoci na hannu da suka fito daga ofisoshin Turai ko Amurka ɗauke da antibairos na ma'aikata mai neman kalmar sirri kafin ya fita. Kada ka wahalar da kanka. Kwashe kayanka, a sake ɗora Windows sabuwa.

Bayan an gama, buɗe Windows Security ka ga alama ta yi kore, sannan ka bar shi ya sabunta kansa. Ga ɗalibi ko mai ƙaramin shago, Defender ya wadatar, muddin ana duba kowane filash da ya dawo daga wurin buga takardu kafin a buɗe shi. Amma mai Windows 7, wadda Microsoft ta daina kulawa da ita tun Janairun 2020, ba shi da irin wannan gata: ya tanadi sabon antibairos a hannu kafin ya cire tsohon. Windows 10 ma an janye mata tallafin gama-gari a 14 ga Oktoba 2025, don haka mai iya komawa 11 ya koma.

In ka taɓa biyan kuɗin antibairos da katin banki, cire manhajar bai tsayar da cirar kuɗi ba. Shiga asusunka a shafin kamfanin ka kashe sabuntawa ta kai tsaye kafin shekara ta zagayo.