Suna Linzami Ne: Abin da Fayil ɗin my.ini Ya Koya Mini

Lokacin SIWES ɗina na yi aiki da wata ƙungiyar manoman rani mai mambobi a Wurno da Rabah da Goronyo, masu noman albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamar Rima. Sunayen mambobi da lissafin takin da kowa ya karɓa bashi duk suna cikin rumbun bayanai na MySQL 5.7, a wata tsohuwar kwamfuta mai Windows.

Matsalar ita ce haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a hargitse suke fitowa. Ka nemi Ɗanjuma ka rasa, alhali yana ciki. Dalili kuwa, tsarin haruffan da MySQL 5.7 yake zuwa da shi latin1 ne, wanda bai san waɗannan haruffa ba. Maganinsa utf8mb4.

Ana gobe rabon taki na buɗe my.ini, fayil ɗin da sabar take karantawa duk sanda za ta tashi. A Linux sunansa my.cnf. Na tuna wani layi da na gani a tsohuwar takardar darasi, na rubuta shi a sashen mysqld:

default-character-set=utf8mb4

Na kashe sabar, na kunna. Ta ƙi tashi. Sakataren ƙungiya, dattijo ne, ya leƙo ya ce, "Ɗana, mi yas sami injin ga? Gobe hwa mutane za su taru." Wallahi gumi ya keto mini. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa la'asar."

Abin da ya cece ni shi ne fayil ɗin kurakurai, mai ƙarewa da .err a cikin jakar Data. Can na ga saƙon unknown variable, ga layina a gabansa. Ashe tun MySQL 5.5 aka cire wannan suna daga ɓangaren saba. Sunan da ya dace shi ne:

character-set-server=utf8mb4

Ina gyarawa ta tashi. To ga darussan da na kwaso.

Na farko, kowane suna da gidansa. Fayil ɗin kashi-kashi ne. Sashen mysqld na saba ne, sashen client kuma na manhajojin da ke haɗuwa da ita. default-character-set daidai ne a sashen client, amma a sashen mysqld yana hana saba tashi. Sunan bai mutu ba, gidan da na kai shi ne ba nasa ba.

Na biyu, sunaye suna canzawa daga siga zuwa siga. table_cache ya koma table_open_cache. log-slow-queries ya ba wa slow_query_log wuri. query_cache_size kuwa an cire shi gaba ɗaya a MySQL 8.0 da ya fito a 2018. Sannan mu masu amfani da XAMPP a ɗakin gwaji mu sani, MariaDB ce a cikinsa, kuma ita har yanzu tana karɓar query_cache_size. Saboda haka kafin ka kwafi saitin wani, rubuta SELECT VERSION(); ka san da wa kake magana.

Na uku, tambayi sabar da kanta. Umarnin mysqld --verbose --help zai jero maka duk sunayen da sigarka ta sani. Daga 8.0.16 zuwa sama akwai mysqld --validate-config, mai duba fayil ba tare da an tashi sabar ba. Bayan gyara kuma tabbatar da SHOW VARIABLES LIKE 'character_set_server'. Don wani lokaci fayil ɗin da ka gyara ba shi sabar take karantawa ba.

Na huɗu, kada ka wahalar da kanka a kan karan tsakiya da na ƙasa. A wannan fayil, max-connections da max_connections duk ɗaya ne. Harafi guda da ka tsallake shi ne abin tsoro.

Na biyar, sabon saitin bai taɓa tsofaffin tebura ba. Sai da na juya su da ALTER TABLE zuwa utf8mb4, sunayen da suka riga suka lalace kuma na bi su da littafin rajista, ɗaya bayan ɗaya, har bayan isha'i.

An raba taki washegari, ba wanda sunansa ya ɓata. Amma da na ajiye kwafin my.ini kafin in taɓa shi, da cikin minti biyu na mayar da komai yadda yake. 'Yan uwa masu shirin furojet, ku ajiye kwafi, ku canza layi ɗaya tak a lokaci guda, in saba ta ƙi tashi ku fara karanta fayil ɗin kurakurai kafin ku ce kwamfuta ta lalace.