TAYAR DA TARAKTA BAYAN AJIYAR RANI: JAGORA GA MANOMA DA DIREBOBI

A ƙasar Assakio, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, ruwan shuka yakan sauka tun wajen watan Afrilu. Manoman shinkafa da masara da doya sun san cewa wanda ya makara wajen huɗa ya makara wajen girbi. Sau da yawa kuwa abin da ke jawo makarar shi ne taraktar da aka jingine tun bayan kaka, ranar da aka neme ta sai ta ƙi tashi.

Tun zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na 1980 taraktoci suka yawaita a karkara, irin su Massey Ferguson da Fiat da Steyr. Yawancin tsofaffin da ke ƙin tashi ba lalacewa suka yi ba. Injin gas ba shi da fulogi, zafin iskar da fistin ya matse shi ke kunna man. Saboda haka abu uku yake bukata: batir mai ƙarfi, da mai tsabtatacce, da iska isasshiya. Lalle ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Kafin a taɓa makulli

Direba ya fara duba baƙin mai da ruwan lagireto. Idan baƙin man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada a tayar da injin sai an canja shi. Ya tabbata giya tana furi, an kuma ja birki. Wasu taraktoci ba sa amsa makulli sam in ba a mai da giya furi ba. Haka nan a duba sandar kashe injin, domin in an bar ta a jaye, mai ba zai wuce ba.

Na farko: batir

Idan an murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, to batir ne abin zargi. Batir mai bolt 12 idan ya cika yakan nuna wajen 12.6 a ma'auni, kuma yana raguwa da kansa ko ba a aiki da shi. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tamau, a kai shi caji. A bi wayoyi da ido, gama ɓeraye kan gaigaye su lokacin ajiya.

Na biyu: mai

Idan injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, a dubi salansa. Rashin hayaƙi alama ce ta mai ba ya zuwa. Farin hayaƙi kuwa yana nuna man yana zuwa amma ba ya ƙonewa.

Tankin da aka bari rabi yakan yi raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa, ya haifar da tsatsa da dauɗa. A tsiyaye shi, a wanke kofin da ke tare dauɗa, a sa sabuwar filta. Daga nan sai fitar da iska, domin iska kaɗan a cikin bututun mai ta isa ta hana injin tashi. A sassauta notin da ke kan filta, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. A yi haka kuma a kan babban famfo. In har yanzu bai kama ba, a sassauta bututun nozul, a juya injin har mai ya ɓullo, a ɗaure.

Gargaɗi: kada a sa hannu kusa da man da ke fita daga nozul. Ƙarfinsa yana huda fata, wanda ya sama sai a garzaya da shi asibiti.

Na uku: iska

Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, zanzaro kuma yakan yi gini a bakin bututu. A share su sarai.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda. A huta minti ɗaya ko biyu don kada sitata ta ƙone. Kada a zuba fetur a hanyar iska. Kada a tsaya a ƙasa a haɗa wayoyin sitata da sukundireba, domin in tana cikin giya tana iya take mutum. Babban famfo kuwa ba a kwance shi a gona. Aikin ƙwararren bakanike ne.

Riga-kafi

Ranar ajiya a cika tanki, a cire batir, a rufe bakin salansa, a sa tarakta a inuwa, a riƙa tayar da ita akalla sau ɗaya a wata. A gwada ta tun watan Fabrairu, lokacin da akwai sararin neman kayan gyara a Lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani, muddin an kula da ita. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.