Ina Ruwan Kwatarmu Yake Zuwa?

Ruwan kwata da na masai kogi yake gangarawa. A Kano, rafin Jakara yakan kwashi ƙazantar birni zuwa madatsar Wasai, inda ake noman rani da kamun kifi. Ta irin wannan hanya kwalara da taifot sukan sami mutanen gangare.

Aikin matata, kamar ta Wupa a Abuja, hawa huɗu ne: a tace tarkace, a bar laka ta kwanta, a hura iska domin ƙananan halittu su cinye dauɗa, sa'an nan a kashe ƙwayoyin cuta.

A 2015 Paparoma Francis ya koyar cewa tsabtataccen ruwan sha haƙƙin kowa ne. Saboda haka kada mu juye masai ko baƙin mai a lambatu, gama mai ɗiban ruwa a gangare maƙwabcinmu ne.