Kwana Uku Kada Su Wuce: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro

Wasiƙar farko ta fito ne daga Karakkai a ƙaramar hukumar Bungudu, daga wata baiwar Allah da ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce: "Ina goyon ɗan wata tara. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku nake yi, amma lokacinta ya wuce da wata biyu, rashin tsaro a hanya ya hana ni zuwa asibiti. Shekaranjiya maigida ya kwana ɗakina. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa kanwa in sha. Ina mafita?"

'Yar'uwa, don Allah ki ajiye kanwar nan. Ba ta hana ciki, haka ruwan gishiri da lemon tsami da kafso. Sai dai su cutar da ke, cikin kuma ya shiga abinsa.

Abin da kike buƙata shi ne ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa. Wadda aka fi samu a kemis ita ce Postinor-2, ƙwaya biyu a kati ɗaya, kuma za ki iya haɗiye su lokaci guda. Ta fi aiki cikin awa 72 bayan saduwa, wato kwana uku, kuma kowace awa ta wuce ƙarfinta raguwa yake yi. Ke da kika ce shekaranjiya, yau ɗin nan za ki nema, kada ki jira ranar kasuwa. Idan kunya ta hana ki, rubuta sunan a takarda ki ba maigida ya karɓo. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, domin hukumar ta yi gargaɗi cewa akwai jabunsa a kasuwa.

Na san abin da ke ran mata da yawa: shin wannan ba zubar da ciki ba ne? Aikin ƙwayar shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace, ta yadda maniyyi ba zai tarar da shi ba. Idan ciki ya riga ya zauna, ba ta taɓa shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta bayyana. Ba ta hana ki shayar da yaronki. Kina iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, su wuce. In kin yi amai cikin awa biyu da sha, ki sake shan wata. In al'ada ta makara fiye da mako ɗaya, a yi gwajin fitsari. Kuma magani ne na ranar matsuwa, bai kai allurarki ƙarfi ba, don haka da hanya ta yi kyau ki isa asibitin Bungudu a ci gaba da ita.

Wasiƙa ta biyu daga yankin Tsafe take, kuma tana da nauyi. Wata uwa ce ta ce 'yan bindiga sun ci zarafin 'yarta kwana biyu da suka wuce, dangi sun ce a rufa asiri a bar wa Allah.

Inna, Allah Ya isar muku, Ya ba yarinyar nan lafiya. Ba ta da laifin komai. Amma zaman gida ba zai rufa mata asiri ba, asibiti za ki kai ta yau. Can za a ba ta ƙwayar gaggawa, sannan a ɗora ta kan maganin kariya daga cutar ƙanjamau, wanda dole a fara shi cikin awa 72 a sha tsawon kwana 28. Wannan aikin, kemis ba zai iya shi ba, kuma Postinor-2 ba ta kare kowa daga cututtukan sanyi. Idan kwana uku sun kuɓuce, har yanzu da sauran dama wajen hana cikin: ma'aikaciyar lafiya na iya saka robar mahaifa mai jan ƙarfe cikin kwana biyar, ita ce ma ta fi kowace hanya tabbas. Ku fara da babban asibitin Tsafe, ko ku wuce Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Ki nemi ganin ma'aikaciya mace, ki faɗa mata a keɓe, aikinta ne ta riƙe sirrinku.

Ku kuma iyaye maza da ke jin mu, wanda yake da babur ko kuɗin mota ya taimaka a kai yarinyar nan kafin rana ta faɗi.