Darasin Juma'a: Wayar da ke hannun ɗan shekara goma



Yawancinmu a nan Legas, da an sallame Asuba muke kama hanyar Mile 12, ba mu dawo ba sai bayan Isha'i. To a tsakanin nan, wa ke tare da yaranmu 'yan shekara 9 zuwa 12? Sau da yawa waya ce. Can gida Arewa, in baƙo ya tsayar da yaro a ƙofar gida, kafin ya rufe baki wata gwaggo ko maƙwabci ya tambaye shi daga ina. A nan gwaggo ta yi nisa, shi kuma baƙon ta cikin waya yake shigowa, ba sallama.

Abu Dawud ya ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) na a fara sa yara sallah suna da shekara 7, a kuma raba musu makwanci suna da 10. Ke nan addini ya fara tsare kunyar yaro tun kafin ya balaga. Ina amfanin raba makwanci in waya na kwana ƙarƙashin matashin kansa?

Mu fahimci yadda mugu ke aiki. Ba ya farawa da batsa. Yakan shigo ta wasannin da ake hira a cikinsu, irin su Free Fire, ko ta TikTok, ya nuna shi ma yaro ne. Ya yaba wa yaron, ya tura masa data, sannan ya ce su koma WhatsApp, amma kada Baba ya sani. Daga nan sai neman hoto, bayan hoto sai barazana. Wani kuma kuɗi ya kawo shi: lambar sirrin da banki ya turo wayar uba yake so yaro ya karanto masa. Wannan bai bar 'ya mace ba, bai bar ɗa namiji ba.

Ga abin da za mu fara da shi a wannan makon:

1. Facebook da Instagram da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13. Kada mu ƙara wa yaro shekaru don mu buɗe masa.

2. Mu sa Family Link na Google a wayar da yake riƙewa. Kyauta ne, yana ƙayyade lokaci, kuma ba ya sauke manhaja sai mun amince. Wanda bai iya ba ya nemi amintaccen matashi ya nuna masa.

3. Bayan Isha'i waya ta kwana a ɗakin iyaye.

4. Wayar da ke da asusun banki ta kasuwa ce, ba ta wasa ba.

5. In yaro ya kawo ƙara, kada mu fara da bulala. Ai tsoron dukanmu ne makamin mugun. Mu adana saƙonnin, mu toshe lambar, mu kai wa 'yan sanda; dokar laifukan intanet ta 2015 ta hukunta irin wannan.

Mu kuma gaya wa yaranmu ƙarara: duk wanda ya ce a ɓoye wa Baba da Mama, ba masoyi ba ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin.