Yadda ake gugguru da man kwakwa a tukunyar faresha ta lantarki

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok ko YouTube ba zai rasa cin karo da bidiyon nan ba: a zuba mai a tukunyar lantarki, a watsa masara, a rufe, bayan ɗan lokaci sai ga gugguru fari tas ya cika tukunya. A bidiyo abin bai fi daƙiƙa talatin ba. Amma matashin da ke Achilafiya a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ko ɗalibin da ya kama ɗaki kusa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, idan ya kwaikwayi bidiyon kai tsaye, zai iya tashi da ƙonanniyar masara. Idan aka yi rashin sa'a ma ya tashi da ƙonanniyar tukunya. Dalili kuwa shi ne masu bidiyon ba su cika yin bayanin abubuwa uku ba: murfin da suka ɗora, irin masarar da suka zuba, da irin wutar da tukunyarsu ke sha.

Murfin matsi ba ya cikin wannan aiki

Tukunyar faresha tana gugguru ne kawai idan ba a yi amfani da matsin tururinta ba. Wannan shi ne ginshiƙin darasin gaba ɗaya.

Ita wannan tukunya tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara ƙera irinta a 1679, sannan samfurin lantarki ya bazu a duniya bayan fitowar Instant Pot a Kanada a 2010. Aikinta shi ne ta kulle tururi a ciki, matsi ya ƙaru, ruwan da ya saba tafasa a digiri 100 a ma'aunin salshiyos ya haura zuwa wajen digiri 115 zuwa 120. Shi ya sa wake da ganda ke nuna da wuri a cikinta. To amma ƙwayar gugguru ba ta fashewa a wannan zafi. Tana buƙatar kusan digiri 180.

A 2015 wasu masana biyu a Faransa, Emmanuel Virot da Alexandre Ponomarenko, sun gwada wannan a ɗakin bincike. A digiri 170, kashi 34 cikin 100 na ƙwayoyin ne kawai suka fashe. Da suka kai digiri 180, kashi 96 suka fashe. Tazarar digiri goma kacal ta raba gugguru da asara, balle tazarar digiri sittin.

Abin sha'awar shi ne kowace ƙwayar gugguru ita kanta ƙaramar tukunyar faresha ce. Tana da ɓawo mai tauri wanda tururi ba ya ratsawa, a cikinta kuma akwai garin sitaci da ɗan ruwa, kimanin kashi 14 cikin 100 na nauyinta. Idan ta yi zafi, ruwan nan ya rasa hanyar fita, sitacin ya narke ya yi laushi, matsi ya yi ta hauhawa har ya ninka na iskar da ke kewaye da mu kusan sau tara. Daga nan ɓawon ya tsage, sitacin ya kumburo waje kamar kumfa, ya daskare nan take. Ƙwayar tana son waje ya zama sakayau domin ta samu inda za ta kumbura. Idan aka kulle ta da murfin matsi, an cika mata waje da tururi, wanda ya samu ya fashe ma zai fito a jiƙe, yana danƙo a haƙori.

Akwai kuma haɗari. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan tukwane suna rubutawa ƙarara a littafin da ke zuwa cikin kwali cewa kada a soya abu da mai a ƙarƙashin matsi. An gina tukunyar ne a kan ruwa da tururi. Don haka a ajiye murfin mai makulli a gefe. A nemo murfin gilashi mai ɗan rami, ko murfin wata tukunyar da ya yi daidai da bakinta.

A duba bayan tukunya kafin a jona

Akwai wata 'yar takarda da ake mannawa a baya ko a ƙasan kowace tukunyar lantarki. Lambobi biyu ne abin dubawa a kanta.

Ta farko ita ce mai harafin V. Wutar da KEDCO ke rabawa a Jigawa, Kano da Katsina ta 220V zuwa 240V ce, kamar ta sauran Nijeriya. Tukwanen da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada kuwa 120V suke sha, kuma yawancin bidiyon da ake gani daga can suke fitowa. Irin waɗannan tukwane sukan shigo cikin kayan gwanjo, suna da kyau, farashinsu da sauƙi. Wanda ya saba da cajar waya, wadda ke karɓar komai daga 100V zuwa 240V, yakan ɗauka kowace na'ura haka take. Ba haka ba ne. Idan aka jona tukunyar 120V a wutar 230V, abin da ke ba da zafi a cikinta zai ja ƙarfin da ya ninka wanda aka tsara masa fiye da sau uku da rabi. Sau da yawa ko minti ba a yi, sai wari da hayaƙi. Canza mata kan filogi ba ya magance komai. Sai an samu taransifoma mai rage wuta wadda ta fi tukunyar ƙarfi, ita kuwa kuɗinta kan kusa kamo na tukunyar. Wadda aka rubuta wa 220V zuwa 240V ita ce ta saye.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin W, wato wat. Tukunya mai cin lita shida takan ja wat 1000, ƙarama mai lita uku wat 700, babba mai lita takwas wat 1200. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1000 ba, saboda haka ba zai ɗauke ta ba. Haka ma inbata mai 1kVA, wadda ainihin abin da take bayarwa bai cika wuce wat 800 ba. Mai sola da inbata babba zai iya, amma gara ya yi da rana tsaka lokacin da faranti ke ba da wuta, maimakon ya zuƙe batir da dare.

Sai matsalar da ta fi yawa a garuruwan da ke ƙarshen layi: wuta ta zo amma ba ƙarfi. Idan ta sauka daga 220V zuwa 180V, tukunya mai wat 1000 ba za ta ba da fiye da wat 670 ba. Allonta zai kama, fitilunta su yi haske, mutum ya ɗauka lafiya lau. A irin wannan yanayi masarar takan daɗe tana gasuwa a hankali, tururin ciki ya riƙa silalewa ta ɗan tsinin ƙwayar, a ƙarshe ta yi ja ba ta fashe ba. Idan an ga fankar ɗaki tana juyawa da ƙyar, a haƙura da gugguru sai wuta ta cika. A kuma jona tukunyar kai tsaye a soket na bango, domin siririyar wayar nan mai baki huɗu da ake cajin waya a kanta takan narke.

Game da kuɗin wuta, abin bai taka kara ya karya ba. Minti goma a wat 1000 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗaya a mita ba.

Masara da mai

Masarar tuwo da ake aunawa a kasuwannin Kazaure, Roni ko Babura ba ta gugguru. Ɓawonta yana zubar da tururi, cikinta kuma gari ne mai laushi. Ta gugguru iri ce daban, ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi da tauri, galibi ruwan ɗorawa. Ana samun ta wurin masu sayar da kayan kek da cincin, ko a kasuwar Singa da ta Sabon Gari a Kano. Tsohon iri ne ƙwarai, don an tono ragowarsa a gaɓar tekun ƙasar Peru mai shekara kimanin 6,700.

A yankin Kazaure babban abokin gabar wannan masara shi ne hunturu. Iskar Disamba da Janairu takan tsotse ɗan ruwan da ke cikin ƙwayar idan aka bar ta a buɗaɗɗiyar leda, kuma ƙwayar da ta bushe ba ta da abin da zai fasa ta. A adana ta a kwalba ko roba mai murfi. Idan ta riga ta bushe, a cika kwalba mai cin lita ɗaya da ita har kusan wuya, a zuba babban cokali ɗaya na ruwa, a rufe a girgiza sosai, a bar ta kwana biyu zuwa uku ana girgizawa. Yawanci takan farfaɗo.

Man kwakwa shi ne ke ba gugguru ƙamshin nan na gidan silima, kuma ba ya saurin yin ɗoyi. Kala biyu ne. Wanda ba a tace ba, mai ƙamshin kwakwa sosai, yana fara hayaƙi a wajen digiri 177, wato daidai inda masara ke shirin fashewa. Tatacce yana jure fiye da digiri 200, saboda haka shi ya fi dacewa da wannan aiki. A tabbatar na ci ne, domin wanda ake sayarwa don gashi da fata sau da yawa an gauraya shi da turare. Idan an tarar ya daskare ya yi fari a kwalba da sanyin safiya, bai lalace ba: a ƙasa da digiri 24 haka yake yi. Man ne mai nauyin kitse, a daidaita shi da cokali. Wanda bai samu ba, tataccen man gyaɗa yana yin aikin sarai, ƙamshin ne kawai zai bambanta.

Yadda ake yi

A wanke tukunyar ciki a goge ta ta bushe ƙayau, ciki da waje, domin ɗigon ruwa a mai mai zafi fantsama yake yi. A mayar da ita mazauninta. A danna maɓallin da aka rubuta wa Sauté, wanda a wasu tukwanen ake rubuta Fry ko Sear, a kai shi matakin da ya fi zafi. A Instant Pot matakin shi ne More ko High. Tukunyar da ba ta da irin wannan maɓalli ba za ta yi gugguru ba, kada a wahalar da ita.

Mai tukunyar ciki ta bakin ƙarfe zai jira har allo ya nuna ta yi zafi, sannan ya zuba babban cokali biyu zuwa uku na man kwakwa. Mai wadda aka shafe cikinta da baƙin abin hana kamu ya zuba man tun da farko, don dumama ta babu komai yana lalata shafin. Bayan man ya narke, a jefa ƙwaya uku kacal a rufe. Su ne ma'aunin zafi. Idan sun fashe, man ya kai.

Daga nan a zuba masara rabin kofi, wato gwangwanin madara wanda bai cika ba. A juya da cokalin katako har kowace ƙwaya ta sha mai, a baje ta shimfiɗa ɗaya. Gindin wasu tukwanen yana da ɗan tudu a tsakiya, mai yakan gangara gefe, don haka juyawar nan tana da muhimmanci. A ɗora murfin gilashi a ɗan karkace yadda tururi zai riƙa fita. Wannan 'yar masara da ake gani kamar ba komai za ta ba da gugguru fiye da lita uku. Kwaɗayin ninka ta shi ne ke jawo na ƙasa ya ƙone, na sama ya ƙi fashewa.

Cikin minti biyu zuwa uku za a ji ta fara, sannan ta kankama kamar ruwan sama a kwanon rufi. A kan murhu akan girgiza tukunya a wannan lokaci. A nan ba a so a yi ta ɗaga tukunyar ciki, domin da zarar ta rabu da farantin da ke ƙasa zafi ya yanke, kuma bakinta na ƙona hannu. Kunne ne zai yi aiki. Idan tazarar da ke tsakanin fashewa da fashewa ta kai daƙiƙa biyu zuwa uku, a danna Cancel, a sa tsumma a ciro tukunyar ciki, a juye a faffaɗan kwano nan take. Ƙarfen yana riƙe zafi, kuma jiran 'yan ƙwayoyin ƙarshe shi ke sa dukan kwanon ya ɗauki warin ƙuna.

Gugguru a ƙasar nan da sukari aka san shi, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata tukunyarsu. Injin masu sayarwa a bakin titi yana da sanda mai juyawa a ciki ba tsayawa, shi ya sa sukarinsu ba ya kamawa. A tukunyar da ba a juyawa, sukari yakan ƙone ya manne a gindi tun kafin masara ta gama, wasu tukwanen ma su rubuta Burn a allo su kashe kansu. Mafita ita ce a daka sukarin ya yi gari, a haɗa da madarar gari idan ana so, a yayyafa ƙaramin cokali na narkakken man kwakwa a kan gugguru mai zafi, sannan a barbaɗa a girgiza. Gishiri ma sai an daka shi ya yi laushi yake kamawa. Wanda ya gwada yajin tsire a kai ba lallai ya sake waiwayar sukari ba.

Kafin a miƙa wa kowa, a girgiza kwanon waɗanda ba su fashe ba su sauka ƙasa a tsince su, don suna fasa haƙori. Likitocin yara suna gargaɗin kada a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba gugguru, saboda yakan sarƙe su. Wanda ya rage kuma a bari ya huce sarai kafin a ɗaure shi a leda. Da hunturu zai kwana biyu yana ƙaras-ƙaras, da damina kuwa ko kwana ɗaya ba ya yi sai ya yi laushi.