Dangi: Na Mutane da na Shuke-shuke

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Amma in mun duba, kalmar nan dangi ba ta tsaya ga jini kaɗai ba. Mukan ce da ɗan baffanmu dangi. Mukan ce a sayo gishiri da kanwa da danginsu, watau irinsu. Har takalmi in ya ɓace, mai shi yakan ce yana neman ɗan'uwansa.

To, masana su ma sun ɗauki wannan hanya. A shekarar 1753 wani Bature mutumin Suwidin, wai shi Linnaeus, ya buga littafi inda ya ba kowace shuka suna biyu, na farko sunan gidansu, na biyu nata na kanta. Abin da aka fi dubawa wajen raba su kuwa shi ne fure da 'ya'ya.

Bari mu kai wannan ilmi ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga, madatsar da aka gama a 1974, ke bin magudanai yana shayar da gonaki rani da damina. Shinkafa da alkama da masara da rake da dawa duk zuriya ɗaya ce, ta ciyawa. Wake da gyaɗa da waken suya nasu gidan dabam; a saiwarsu akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tumatir da gauta da dankalin Turawa gida ɗaya suke, barkono da taba kuwa 'yan'uwansu ne na nesa kaɗan. Amma fa dankalin Hausa ba ya cikinsu, shi danginsa duman rafi ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Mene ne amfanin sanin wannan? Amfaninsa babba ne, gama cuta tana bin dangi. Akwai wata tsutsa mai cin ganyen tumatir, asalinta Amurka ta Kudu, ta shigo Sifen a 2006, a 2016 kuwa ta yi mummunar ɓarna a gonakin Kano, har tumatir ya gagari talaka. Tsutsar nan in ta rasa tumatir sai ta koma kan gauta da dankalin Turawa. Saboda haka manomin da ya cire tumatir ya dasa gauta a gurbinsa, bai sake kome ba, ya dai sake wa baƙuwar tuwo ne. In ya bi shi da masara ko alkama ko albasa, ya yanke mata abinci.

Ku da za ku fita ku zama malamai, ku sa yara su tsinko furen tumatir da na gauta da na barkono, su jera su, su ƙirga ganyen kowane fure. Da idonsu za su ga dangantakar, su kai labari gida.